Kuɗin Makaranta Da Adalci Tsakanin 'Ya'ya

 

'Yan'uwa, duk farkon zango sai gardamar nan ta tashi a majalisa. Mai hali ya ce makarantar gwamnati ta mutu, marar hali ya ce masu makarantun kuɗi 'yan kasuwa ne kurum. Kowa da hujjarsa. Na leƙa wata firamare ta gwamnati a unguwarmu, na iske yara zube a ƙasa, iska ta yaye rabin kwanon rufi, malami ɗaya yana ta fama har muryarsa ta dishe. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarabawar 'yan aji huɗu, sama da dubu 21 suka faɗi. Sai dai Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ita ma ta gwamnati ce, kuma ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari. Makarantun kuɗi kuwa akwai nagari ƙwarai, akwai kuma waɗanda ranar WAEC a kan allo ake rubuta wa yara amsa, da sanin iyaye, da kuɗin iyaye. Wanda ya saya wa ɗansa sakamako da ha'inci, ya sani haram ya ɗora masa tun ranar farko.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana cikin gidajenmu ne. Ƙarfe bakwai na safe mota ta tsaya a ƙofar gida, 'ya'yan amarya su fito fes da jakunkuna da kwandon abinci. Can sai ga 'ya'yan uwargida sun fito a ƙafa, yunifom ya koɗe, ko kuɗin tara babu. Uba ɗaya, zaure ɗaya. A wani gidan kuma maza ne a makarantar kuɗi, mata a ta gwamnati, wai ai gidan wani za su.

Ku tuna da Nu'umanu ɗan Bashiru. Mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, mahaifiyarsa Amratu 'yar Rawahata ta ce sai Manzon Allah (SAW) ya shaida. Annabi ya tambayi Bashiru ko duk 'ya'yansa ya ba irinta, ya ce a'a. Annabi ya ƙi shaidar, ya kira abin zalunci, ya umarce shi da tsoron Allah da adalci tsakanin 'ya'ya. Bashiru ya koma ya karɓe kyautar. Bukhari da Muslim sun ruwaito. Wannan fa kyautar rana ɗaya ce. To ina ga fifikon shekara goma sha biyu, wanda yaro ke gani kowace safiya?

Gaskiya ne, malamai sun ce ciyarwa gwargwadon buƙata take: ɗan jami'a ba daidai yake da ɗan nazire ba, yaro mai lalura yana iya buƙatar makaranta ta musamman. Amma son uwarsu ba buƙata ba ne. Nan 'yan ubanci ke tsirowa, kuma 'yan'uwan Annabi Yusufu da zaton fifiko kawai suka jefa shi rijiya.

In aljihunka ba zai ɗauke su duka ba, ka sa su duka a ta gwamnati, babu abin kunya. Dokar UBE ta 2004 ta mai da firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma wajibi, haƙƙinka ne. Rarar kuɗin ka ɗauko musu malamin darasi da yamma, ka riƙe musu Islamiyya, ka riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ku haɗa hannu ku gyara rufin nan.

Malam, daren yau ka ɗauko rasit ɗin zangon da ya wuce, ka rubuta sunan kowane ɗa da abin da ka kashe masa. Ka duba takardar da kyau kafin a koma makaranta.