Mai Zane Da Mai Talla Da Mai Fim: Dillalan Zamani Da Amanar Da Ke Wuyansu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki ya haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata sana'a da samarinmu na Birnin Kebbi da Argungu suka fara runguma, watau zanen tambari da buhunan kaya a kwamfuta, da shirya talla, da ɗaukar fim. Iyaye da yawa suna tambaya ko wannan hanyar abinci ce da Musulmi zai bi. Amsa ita ce, asalin sana'a halal ne, sai abin da aka cusa a cikinta na haram. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Annabi Dawuda yana ci ne daga aikin hannunsa, kuma a Sahihu Muslim an ruwaito Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Saboda haka wanda ya riƙe sana'a ya fi wanda ya zauna a gindin bishiya yana jiran a ba shi.

Kuma ƙasar nan tamu tana bukatar masu wannan aiki. Tun daga shekarar 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin rance ga manoman shinkafa a Birnin Kebbi, sunan shinkafarmu ya ƙara tafiya nesa. A 2016 Jihar Kebbi da Jihar Legas suka fito da shinkafar Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu. Kowane buhu da ya fita, wani ne ya zana shi. Haka nan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 don karɓar baƙuncin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, mafi yawan mutanen duniya ba su san shi ba sai ta idon mai kyamara da ya tsaya a bakin Matan Fada.

To, amma fa mai wannan sana'a ya san matsayinsa a shari'a. Shi dillali ne, domin yana tsaye tsakanin mai kaya da mai saye, kuma da maganarsa ake buɗe aljihu. Dillalin da yana magana da mutum ɗaya ne a kasuwa, amma na yau tallarsa guda tana shiga dubban wayoyi a wuni ɗaya. Gwargwadon yawan waɗanda suka ji, gwargwadon nauyin da ya ɗauka.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tarin hatsi a kasuwa, ya sa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka taɓa danshi. Mai hatsin ya ba da hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama yadda mutane za su gani, kuma ya barranta daga duk mai algus. Ku duba da kyau, wannan mutum bai faɗi ƙarya da bakinsa ba, jera kayan kawai ya yi yadda aibi zai ɓuya. To, mene ne bambancinsa da wanda ya goge hoton shinkafa a kwamfuta ta yi fari fat, alhali ya san a buhu akwai tsakuwa da karyayya? Ko wanda ya rubuta kilo 50 a jikin buhun da ya san bai cika ba? Suratul Muɗaffifina ta yi narko mai tsanani ga masu tauye mudu, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta hana ɓoye aibi da yaudara a ciniki. Kada mai zane ya ce shi ɗan aike ne kawai, domin Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Mafi muni shi ne tallar maganin da ake cewa yana warkar da kowace cuta, don nan rayuka ake wasa da su.

Game da hoto kuwa, malaman Malikiyya sun haramta mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai idan ya cika sura, amma zane a kan shafi sun sassauta a kansa, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun halatta hoton kyamara. Abin dubawa shi ne me aka ɗauka. An yi fim ɗin Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya koyar da tarihi. Mai neman labari a nan bai rasa ba: ga tarihin Kanta, ga gidan tarihinsa a Argungu, ga ilmin Shehu Abdullahi na Gwandu. Ba sai an nuna tsiraici ko an ci mutuncin wani ba kafin a samu 'yan kallo.

Nasihata ga saurayi mai son wannan hanya ita ce, ya zauna gaban gwani ya koya, kada ya karɓi aikin da bai iya ba. Ya yanke lada da ranar gama aiki tun farko, a rubuce. Kada ya ɗauki zanen wani ya ce nasa ne. Idan ya sa yara aiki a wurin ɗaukar fim, ya biya su a kan kari. Kuma kafin ya yabi kaya, ya buɗe buhun ya gani da idonsa. Wanda ya yi haka zai rasa wasu ayyuka da farko, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a gari kamar namu, inda kowa ya san kowa, sunan kirki shi ne jarin da ba ya karyewa.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.