Abin da Na Gani a Cikin Rauta

Tsohuwar TP-Link ce mai eriya biyu, na saye ta a kasuwar Farm Centre da ke Kano don in koyi haɗa na'urori da hannuna, ba a takarda kawai ba. Na ɗora mata manhajar OpenWrt, na shiga ta 192.168.1.1, na kulle ta da WPA2, na rataye ta a ƙusa a bakin zaure. Kafin magariba duk gidan sun hau, har Umma.

A dare na uku na kunna tcpdump don in ga yadda waya ke tambayar adireshin shafi. Layuka suka yi ta zubowa. Saƙon ciki a kulle yake, amma sunan shafin da aka nema yana fitowa ɓaro-ɓaro, ga lokaci, ga wayar da ta nema. Wajen ƙarfe biyu sai na ga wayar ƙanwata tana bin shafukan wata cuta, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba. Jikina ya yi sanyi.

Zuciyata ta kawo mini hujja nan take: rautar tawa ce, ni na sayi data, kuma ni yayanta ne. To amma mai gidan haya ma ai gidansa ne, shin hakan ya ba shi damar kasa kunne a tagar ɗan haya? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta wata kafa, aka bayyana masa cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izini. Ni ban taɓa ƙofarta ba, ban karya kwaɗo ba, amma idona ya shiga. Kafar ce kawai ta sauya kama.

Abin da ya fi damuna shi ne, da ban leƙa ba, da ban san tana cikin damuwa ba. Malamai sun yi togaciya inda ake tsoron salwantar rai, na sani. Sai dai ni ba tsoron komai ya kai ni ba, gwaji nake yi, kuma alherin da ya biyo baya ba ya komawa ya halatta leƙen. Da ta ba ni wayarta na sa mata kalmar sirri, amana ta ba ni, ba ta ma san girmanta ba.

Da safe na goge abin da na tara. Na buɗe hanya ta biyu don gwaji, kwamfutata da tsohuwar wayata kaɗai ke hawa. Na tara mutanen gida na faɗa musu abin da mai riƙe da rauta zai iya gani, na ce na gani, na nemi gafara. Ƙanwata ta sunkuyar da kai.

Sai bayan kwana huɗu ta same ni a zaure. Ta ce, "Yaya, za ka raka ni asibiti?"