Ƙamshin farko ko na ƙarshe?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. Mutum ya zo maka da fara'a da daɗin baki, bayan an zauna ka ga wani hali dabam. Wanne ne nashi na gaskiya? Bari mu nemi amsa cikin kwalbar turare.

A shekara ta 1912, a birnin Pari na ƙasar Faransa, wani gwanin haɗa turare, Jacques Guerlain, ya fito da turaren mata mai suna L'Heure Bleue. Sunan yana nufin ɗan lokacin nan na almuru, rana ta faɗi, duhu bai gama rufewa ba. Har yau ana saida shi. In mace ta shafa shi, abin da ke fara bugun hanci shi ne ƙamshi mai kaifi, irin na ɓawon lemu. Wannan ba ya wuce ƴan mintoci. Sai na furanni ya biyo baya, da ɗan yaji kamar na kanumfari. Can bayan awoyi, abin da ke saura shi ne wani ƙamshi mai laushi, kamar na hodar fuska. Shi ke kwana a kallabi.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo wanga ƙamshin hoda ita ce saiwar wani tsiro da ake ce ma iris, wanda ake nomawa kusa da birnin Fulorans, ƙasar Italiya. Lura, daga saiwa ne, ba daga furen da ido ke gani ba. Saiwar takan yi shekara 3 cikin ƙasa. In an tono ta, ba ta da wani ƙamshin kirki. Sai an fere ta, an shanya, an aje ta kamar shekara 3 kuma, sannan ƙamshi ya fito. Kilo 1000 na busasshiyar saiwa ba ya ba da mai sai wajen kilo 2.

To, ƙamshin farko ƙarya ne? A'a. Sallama ce, kuma mai shiga gida ba sallama bai kyauta ba. Fara'a abu ne mai kyau. Amma abin da ke saurin tashi yana saurin gushewa. Gaskiya, riƙon amana da haƙuri su ne saiwa. A ɓoye suke girma, cikin shekaru, kuma ba a ara su ranar biki.

Wannan magana ba ta wasa ba ce. Uba yakan ba da ɗiyarsa aure don hirar yamma ɗaya ta yi mashi daɗi. Manoma sukan danƙa kuɗin ƙungiya ga wanda ya fi iya magana a taro. Daga baya a yi ta kuka. Mace mai wayo ba ta sayen turare daga bakin kwalba. Takan ɗiga a hannu, ta gama cefanenta, sannan ta sake shinshinawa. In ana yi ma turare haka, ina ga mutum? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Saura abu ɗaya. Mai turare a jiki, hancinta yakan saba, har ta daina jin shi. Na kusa da ita su ke ji. Kai ma hakanan ne. In kana son sanin ƙamshinka na ƙarshe, kada ka tambayi baƙon da ka yi ma maraba jiya. Tambayi wanda ya yi shekara goma yana cin tuwo tare da kai.