Wanda Ya Zo Koyarwa, Wa Zai Koya Masa?

Ya kai mai karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in baje ta a faifai mu duba tare. Mutumin da aka ɗauko daga garinsu domin ya koyar da abin da mutanen wani gari ba su sani ba, shin shi ne a sama da su, ko kuwa su da suka ba shi wurin kwana? Da a ce shekarun baya ka tambaye ni, da ban ɓata lokaci ba zan ce maka mai ilimi ne a sama. Yanzu kuwa bakina ya yi nauyi, kuma ga dalili.

Ni haifaffen Ƙofar 'Yandaka ne a birnin Katsina. Tun muna yara ake nuna mana ƙofar ana cewa ta nan Lugga ya shigo gari da sojojinsa a 1903. Ana kuma gaya mana cewa a garinmu aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Saboda haka na tashi da wani irin ji da kai, wai mu Katsinawa boko gadonmu ne. Na karanta Turanci har na sami digiri, na yi bautar ƙasa a kudu, na dawo gida aiki ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Ana nan sai wani abokina mai fataucin kaya ta kasuwar Jibiya ya kawo mini labarin wata makarantar kuɗi a Maraɗi da ke neman malamin Ingilishi. A watan Oktoba na 2013, lokacin da makarantun Nijar ke komawa daga dogon hutu, na ɗaura akwatina a mota.

Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 90 ce. Ka wuce Jibiya, a duba takardunka a Magama, ka tsallaka Ɗan Isa, sai ga ka a Maraɗi. A hanya ina ce wa kaina ai ni ba baƙunta za ni ba. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, har Ɗankasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819, kuma har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai sarautar garin. Daɗin daɗawa, da na sauka sai na tarar akwai unguwa sukutum mai suna 'Yandaka. Na ce shi ke nan, daga gida na zo gida. A nan na kama ɗaki a gidan wani dattijo mai sayar da goro.

Kwana uku kacal na yi gari ya fara nuna mini iyakata. Na je wurin mai tsire na ci, na tambayi kuɗi ya ce ɗari. Na miƙa masa ƙwandalar da aka rubuta 100 a jikinta na juya zan tafi. Ya ce, "Malam, saura." Na tsaya ina ɗaga murya, wai don ya ga ni baƙo ne zai cuce ni. Sai da jama'a suka taru sannan wani ya fahimtar da ni cewa a nan da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, don haka ɗari a bakin ɗan kasuwa sefa 500 ke nan, sefa 1,000 kuma jaka. Ashe ni ne na kusa cin haƙƙin mutum, ga kuma ƙazafi a kai. Na biya na tafi, amma ban ba shi haƙuri ba.

A makaranta ma haka. Malami mushe ne, makaranta lakwal ce, ajujuwa ana ƙirga su daga shida a gangaro zuwa uku, maki kuma a kan 20 ake bayarwa. In ka ce Turanci sai a tambaye ka wanne, na Faransa ko na Ingila. Maimakon in kwantar da kai in koya, sai na mai da duk wannan abin dariya. Kullum bakina "mu a Nijeriya kaza, mu a Nijeriya kaza."

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ajin farko akwai wani yaro ɗan ƙauye, shiru-shiru, mai kyan rubutu, yana zaune wurin kawunsa a gari. Wata rana na sa shi ya karanta wata jimla mai ma'anar "ina jin yunwa." To a Ingilishi kalmar yunwa da kalmar fushi sun yi kama ƙwarai, babban abin da kunne ke kamawa shi ne harafin h da ke farkon ta yunwa. Wanda kuwa ya fara karatu da Faransanci an koya masa kada ya furta wannan harafi. Yaro ya karanta, magana ta fito "ina fushi." Na ce, "To wa ya taɓa ka?" Aji ya fashe da dariya. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na kwaikwayi muryarsa har sau biyu, na ƙara da cewa Faransawa sun cinye musu rabin harshe. Daga ranar yara suka laƙaba masa Mai Fushi. Bayan mako biyu bencinsa ya zama wayam, ni kuwa ko a jikina.

Labari ya kai kunnen mai gidana, domin kawun yaron abokin cinikinsa ne. Da dare ya kira ni zaure, ya ba ni goro, ya ce, "Ɗana, mi ya kawo ka garin ga?" Na ce, "Baba, koyarwa." Ya ce, "Kai wa ya koya maka?" Na ce malamaina. Ya ce, "Su kuma hwa?" Na ce Turawa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe kai ma aro ka yi. To mai rigar aro ba ya yi wa marar riga dariya. Uban yaron ga gero ya saida ya biya kuɗin lakwal. Tashi ka kwanta."

Ban yi barci ba a daren nan. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne lokacin bautar ƙasa, ranar da na tashi yin jawabi a gaban abokai 'yan kudu, harafin p da f suka sarƙe mini kamar yadda sukan yi wa Bahaushe, aka yi ta ƙyaƙyata dariya har na kasa ƙarasawa. Wata guda na yi ban ƙara buɗe baki a taro ba. Wato abin da aka yi mini na ƙulle a ciki shekara da shekaru, na tsallaka iyaka da shi, na sauke a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

To amma fa kada mu yi saurin yanke hukunci, domin akwai wata hujja da zuciyata ta riƙa kawo mini, kuma ba hujjar banza ba ce. Ta ce, ai gyara aka ɗauko ka ka yi. In yaro ya yi kuskure ka yi shiru don kada ransa ya ɓaci, ranar jarrabawa wa zai ji tausayinsa? Malamin da ke karɓar albashi yana ƙyale kuskure, shi ma ai cin amana yake yi. Wannan gaskiya ne, kuma har gobe ban yarda da malamin da ke shafa wa ɗalibi mai a baki ba. Sai dai da na auna sai na ga gyaran bai fi minti ɗaya ba: in ce ɗana, sa tafin hannunka a gaban bakinka, ka huro iska har ka ji ɗuminta, sannan ka faɗi kalmar. Sauran duk abin da na yi a ranar, kwaikwayo da gorin Faransawa, ba don yaron na yi ba. Don kaina na yi, domin in tabbatar wa aji cewa baƙon nan ya fi su. Gyara yakan dubi kuskure, wulaƙanci kuwa mai kuskuren yake duba, kuma yaro ɗan shekara 12 ya san bambancinsu sarai.

Na je gidan kawun aka ce yaro ya koma ƙauye. Na aika da saƙo ba amsa. Sai bayan shekara biyu, na je wani ofis sabunta wata takarda, aka miƙo mini fom duk da Faransanci, na tsaya ina jujjuya shi kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Sai na ji an ce, "Mushe, kawo in cika maka." Na ɗaga kai, shi ne. Ya zama yaron wani mai rubuta wa mutane takardu a bakin ofishin. Ya tambaye ni suna da ranar haihuwa, ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa, inda na ba da amsa a karkace ya gyara mini a hankali yadda na kusa da mu ba zai ji ba. Na ba shi haƙuri, na ce ya dawo makaranta ni zan biya. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Mushe, ya wuce." Bai dawo ba. Kuɗin aikinsa ma ƙin karɓa ya yi.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya gyaru ba, domin karatun yaron nan ya tafi ke nan, kuma da hannuna a ciki. Abin da na iya kawai shi ne in sauya zama. Na roƙi wani abokin aiki ya riƙa koya mini Faransanci da yamma, ni kuma ina biyansa da Ingilishi. Na shiga aji na ce wa yara duk ranar Juma'a minti goma na ƙarshe nasu ne, su ba ni jimla in karanta, su gyara mini. Sun yi mini dariya har da riƙe ciki, amma daga lokacin sai ga hannuwa suna tashi a darasina. Na koma wurin mai tsiren nan na ba shi haƙurin da na riƙe masa. Na fara zuwa suna da jana'iza a unguwa, tsofaffi suka ba ni labarin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a bakin gulbi har aka hau tudu. A shekarar farko ana ce da ni ɗan Nijeriya, kafin in bar garin a 2019 ana ce da ni mushen 'Yandaka.

Amsar da na samu ga tambayata ita ce, ilimin da baƙo ya zo da shi kaya ne aka ba shi ya kai, ba rawani ba ne. Wanda kuma ya shiga gari da niyyar ya bayar kawai, ba zai karɓi komai ba, ko ya shekara ashirin baƙo ne, domin mutane ba sa sakin jiki da wanda ba ya bukatarsu. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, saboda haka ina kyautata zaton ƙannenmu da yawa za su bi wannan hanya ta Jibiya da alli a aljihu. Ƙanena, in kai ne, ranar da ka sauka ka fara tambayar yadda ake ƙirga kuɗi, ka nemi wanda zai koya maka kafin ka nemi wanda za ka koya wa. In kuma yaro ya ce maka yana fushi, ka dakata tukuna, mai yiwuwa yunwa yake ji.

Allah Ya sa mu gane, Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.