Jarin Mace, Na Wane Ne?

A unguwannin Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da Tarauni, da wuya ka wuce gida uku ba ka iske mace mai sana'a ba. Wata tana toya ƙosai, wata tana matse man gyaɗa tana yin ƙuli-ƙuli, wata kuma tana ɗinkin hula ko awara. Dukansu suna bukatar jari. Tambayar da mu ke so mu duba ita ce: in jarin ya shigo gida, na wane ne? Na matar ne, ko na maigidan, ko kuwa na tukunyar abinci?

Bari mu fara ganin inda kuɗin ya ke fitowa. Hanyar da ta fi daɗewa ita ce adashi: mata su riƙa zubi wurin uwar adashi, kowacce ta kwasa ran da layi ya zo kanta. A shekara ta 1991 ƙungiyar CARE ta ɗora a kan wannan al'ada a jihar Maraɗi, aka kafa Mata Masu Dubara. Su kan taru kowane mako, su zuba cikin akwati, su ranta wa juna, a ƙarshen zagaye su raba uwar kuɗi da riba. Akwai kuma bankunan ƙananan rance, waɗanda Babban Bankin Nijeriya ya shimfiɗa wa ka'ida a 2005. A 2013 bankin nan ya buɗe asusu na Naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, ya keɓe kashi 60 cikin 100 domin mata. A 2018 gwamnati ta fito da TraderMoni, rancen Naira 10,000 ba jingina. Wadda ba ta son kuɗin ruwa kuma, ga bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, Kano tana cikin wuraren da ya fara buɗe reshe.

Hanyoyi dai ga su nan. Amma duk wanda ya zauna da mata masu sana'a ya sani, jari da yawa a cikin ɗaki ya ke mutuwa tun bai kai kasuwa ba. Maigida ya ce a ba shi aro zai mayar ran Jumma'a, Jumma'ar kuwa ba ta zuwa. Biki ya taso, a taɓa. Kuɗin makaranta ya zo, a sake taɓawa. Ran biyan bashi, sunan matar ne a takarda, ita kaɗai za a sallama wa a ƙofar gida.

Wani zai ce, "Ashe, miji da mata ba jiki ɗaya ba ne? Abin da ke nata ai nawa ne." Gaskiya ne su ɗaya ne, amma sai mu bi maganar har ƙarshenta. In ɗayantaka ta ba ka iko a kan kuɗin, lalle ta ɗora maka bashin kuma. Mutumin da ya ce "namu" ran karɓa, ya ce "naki" ran biya, ya yi zalunci, ko da a cikin gidansa ya yi shi. Maƙwabtanmu Musulmi ma, shari'arsu ta tabbatar dukiyar mace tata ce, ciyar da gida kuwa nauyin miji ne. Abin kunya ne a iske gidan mai bi ya kasa wannan.

Wani kuma zai ce, "Yara suna kuka da yunwa, a bar kuɗi a gwangwani?" Wannan tambaya tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma kowane manomi ya san bambancin hatsin ci da iri. Riba ita ce hatsin ci, gida yana da rabo a cikinta. Uwar kuɗi kuwa iri ce, wanda ya dafa ta ya ƙoshi yau, ya sayo yunwar watanni. In ciwo mai tsanani ya faɗo, rai ya fi jari, babu gardama. Saboda irin wannan rana ne Mata Masu Dubara su kan ajiye ƙaramin asusun taimako dabam da na rance. Zumuntar Mata ta kowace ekklesiya ta iya yin haka, domin kada ciwon yaro ɗaya ya kashe sana'ar uwarsa.

Matar ma tana da nata nauyi. Kada ta karɓi rance da sunan sana'a alhali kayan ɗaki ta ke nufi, gama wannan ƙarya ce. Kada ta ci bashi nan domin ta biya can. Ta yi lissafi kafin ta sa hannu. A misali, in an ranta mata Naira 50,000 a kan kashi 5 cikin 100 kowane wata bisa dukan kuɗin, ruwan ya zama Naira 2,500 a wata, watau Naira 30,000 a shekara. In ribarta ba ta wuce wannan sosai ba, wa mai rance ta ke toya ƙosai. Mai ba da rance kuma, in ya ɓoye wannan lissafi ga wadda ba ta iya karatu ba, ya ci amana.

A Sarakuna na Biyu, sura 4, akwai labarin gwauruwa wadda mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Annabi Elisha ya fara da abin da ke hannunta, ɗan mai a tulu. Da man ya yawaita, ya sa ta sayar, ta biya bashi tukuna, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci saura. Tsarin nan bai tsufa ba: sana'a, biyan bashi, kana ci.

Amsar tambayarmu ke nan. Jarin amana ne a hannun matar, ribarsa ce ta ke isa ga dukan gida. Ya ɗan'uwa maigida, in akwai kuɗin matarka da ka ara ba ka mayar ba, ka zauna da ita cikin makon nan, ku ƙidaya shi, ku sa ranar biya, ko da kaɗan kaɗan ne. Dattawan ekklesiya kuma su ji irin wannan ƙara in ta zo gabansu, kada su sallami matar da cewa ta je ta yi haƙuri kawai.