Bututun Kabon da Tambayar Haƙiƙanin Abu

Bututun kabon na nano siririn bututu ne da ƙwayoyin zarra na kabon suka jeru a jikinsa kamar saƙar zuma. Mai bango ɗaya faɗinsa yakan kai nanomita ɗaya zuwa biyu, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ya shahara a 1991, bayan Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana tsarinsa. Ya fi ƙarfe juriyar ja, ga rashin nauyi, shi ya sa ake cuɗa shi da roba wajen ƙera kekunan tsere, ake kuma sa shi a batirin litiyam don lantarki ya gudana sosai.

Sai dai kabon ɗin nan shi ne a gawayi, shi ne a bakin fensir mai laushi, shi ne a daiman mai yanka gilashi. Jerin ƙwayoyin ne ya raba su. A bututun ma, karkatar naɗin saƙar ce ke sa wani ya ɗauki lantarki kamar ƙarfe, wani ya ɗauka da ƙaidi kamar silikon. Wannan ya farfaɗo da tsohuwar tambaya: haƙiƙanin abu yana cikin abin da aka yi shi da shi ne, ko cikin siffarsa?

Aristotle, da Ibn Sina bayansa, sun ce kowane jiki haɗin madda ne, wato abin da aka yi shi da shi, da sura, wato siffarsa, kuma sura ce ke mai da shi abin da yake. Malaman tauhidi na Ash'ariyya kuwa sun tafi a kan cewa jauharori, wato ƙananan ɓangarorin jiki da ba sa rabuwa, duk iri ɗaya ne, bambancin jikkuna yana zuwa daga sifofin da Allah ke halitta a cikinsu, saboda haka tauri ko laushi ba ikon abin ba ne da kansa. Zarrar kimiyya ba ita ce jauharin da suke nufi ba, domin tana rabuwa. Awon ɗakin gwaji yana nuna wane jeri ke tafiya da wace ɗabi'a. Ko jerin ne ke aikatawa, ko al'ada ce da Mahalicci ya gudanar, wannan ya wuce abin da awo zai yanke.

Tambayar ta shafi hukunci ma. Dogayen bututu masu tauri, idan aka shaƙe su, suna iya yi wa huhu illa irin ta asbestos, kuma a 2014 hukumar IARC mai binciken sankara ta sa wani nau'insu cikin abubuwan da ka iya haddasa sankara. Ke nan ba a hukunta abu da asalinsa kaɗai, sai an duba siffar da aka ba shi da inda za a sa shi.