Wasa Ba Ya Ɗaukar Alhaki?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Abin da yaro ya gani da idonsa, yana cikin dariya da annashuwa, ya fi zama a zuciyarsa bisa ga abin da malami ya karanta masa da bulala a hannu. Saboda haka akwai tambaya da ta kamata masu hankali su tsaya su auna: mutumin da ya shirya wasa don ya ba jama'a dariya, ya kuwa siffanta wata al'umma da mummunar siffa a ciki, yana da alhakin abin da ya biyo baya, ko kuwa ya kuɓuta da cewa wasa ne kawai?

Babu ƙasar da ta ɗanɗana wannan al'amari kamar Amurka. Wajen shekara ta 1830 wani Bature mai wasan kwaikwayo, Thomas Rice, ya riƙa shafe fuskarsa da baƙi, yana rawa yana kwaikwayon baƙar fata, ya sa wa wannan siffa suna Jim Crow. Jama'a suka yi ta tururuwa kallo. Waɗansu suka bi sawunsa, har aka saba ganin baƙin mutum a dandali a kan rago ne, wawa, mai yawan washe baki. Daga baya, da jihohin kudu suka kafa dokokin raba farare da baƙaƙe a makaranta da jirgin ƙasa da wurin cin abinci, sunan nan na wasa shi aka laƙaba wa dokokin. Ashe abin da aka fara da tafi ya ƙare a gaban alƙali.

Da silima ta zo, sai abin ya ƙara ƙarfi. A 1915 aka fito da wani fim mai suna The Birth of a Nation, wanda ya nuna baƙaƙe kamar abin tsoro, ya mai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan jarumai. A cikin shekarar nan ce aka sake kafa ƙungiyar a jihar Jojiya. Har wa yau akwai Tarzan, wanda Edgar Rice Burroughs ya ƙaga a 1912, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Duk da haka yara masu ɗimbin yawa daga wurinsa suka koyi Afirka: kurmi, da namun daji, da mutane marasa wayo waɗanda Bature guda ya fi ƙarfinsu.

Ɓarnar irin wannan hoto kashi biyu ce. Yaron da ba shi aka siffanta ba ya kan tashi yana tsammani ya san mutanen da bai taɓa zama da su ba. Wanda aka siffanta kuwa, tasa ta fi muni, domin kowane yaro a gidan silima bayan jarumi ya ke bi. Frantz Fanon, likita mutumin tsibirin Martinik, ya bayyana a littafinsa na 1952 yadda saurayi baƙi a can ya kan ɗauki kansa shi ne Tarzan, sai ran da ya kalli fim ɗin a Turai, 'yan kallo suka haɗa shi da mutanen daji. James Baldwin ma, a muhawarar da aka yi a Kambirij a 1965, ya ba da labarin yadda yaro baƙi ke murna jarumi na kashe Indiyawan Amurka, kafin ya gane shi ne a matsayinsu.

An ma gwada abin. A shekarun 1940 wani masani, Kenneth Clark, da matarsa Mamie, suka ajiye 'yan tsana farare da baƙaƙe gaban yara baƙaƙe 'yan shekara 3 zuwa 7. Yawancinsu suka zaɓi farar. Da aka ce su nuna wadda ta yi kama da su, waɗansu suka fashe da kuka. Babbar Kotun Amurka ta ambaci aikin Clark a 1954, sa'ad da ta hana raba makarantu.

Mai kare masu wasa zai ce ba silima ta kawo bauta ba, ba ita ta rubuta dokokin ba, abin da ta tarar a zukatan mutane shi ta sayar musu. Wannan magana da gaskiya a ciki, gama yaran Clark ba fim kaɗai ya koya musu ba, har da titi da makaranta. Amma wanda ya tarar da gobara ya ƙara mata itace ba ya cewa ba shi ya kunna ba. Babba ya taɓa cuɗanya da mutane, yana da abin da zai gwada hoto da shi. Yaro ba shi da kome sai hoton. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ba a hana ba'a ba. Laifin shi ne a ce al'umma guda ba ta da wata fuska sai wadda a ke yi wa dariya.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani. A ƙasar Hausa ma an daɗe ana fito da Bagwari a wasa kamar marar wayo mai gurɓatacciyar Hausa. Ɗan Bagwarin da ke zaune aji ɗaya da masu dariyar, shi ya san nauyinta.

Maganin abin ba rufe gidajen kallo ba ne. Magani shi ne kowace al'umma ta sami bakin ba da labarinta, iyaye da malamai kuma su koya wa yaro ya tambaya, wa ya shirya wannan hoto, me kuma ya bari bai nuna ba. Mai shirya wasa kuwa ya tuna cewa a cikin masu kallonsa akwai yaron da zai tafi gida yana auna kansa da abin da ya gani.